Mun sa hannu a Yamai, mun garƙame Jibiya

Ranar 7 ga Yulin 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zauna a birnin Yamai, gaban takwarorinsa na Afirka, ya rattaba hannu kan yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta nahiyar. Aka yi tafi, aka ɗauki hotuna, kowa ya kama hanyar gida. Mako shida kacal bayan haka Najeriya ta garƙame iyakokinta na ƙasa, har da na ƙasar da ta shimfiɗa mana tabarma a wancan taro. Ba a nemi shawarar kowa ba, ko sallama ba a yi wa maƙwabta ba. Direban da ya ɗauko albasa daga Galmi ya iso Birnin Ƙonni ya tarar da hanyar Illela a toshe, ya kashe mota, ya zauna a inuwarta yana kallon kayan mutane suna tsiro a cikin buhu. Sai a Disambar 2020, bayan wata 16, aka buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum. Jibiya da Kamba kuwa sai da suka yi zaman jira har Afrilun 2022.

Ban ɗauko wannan magana don in tone wanda ya riga mu gidan gaskiya ba, Allah ya gafarta masa. Na ɗauko ta ne saboda hali ne na ƙasa, ba na mutum guda ba, kuma halin ya kai ni maƙura. Mu ne muka yi ruwa muka yi tsaki wajen kafa ECOWAS. Janar Gowon da Eyadema na Togo su suka bi ƙasashe suna lallashi har aka sa hannu a Legas a 1975, hedikwatar kuma tana Abuja. A 1979 aka ƙulla yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a a Dakar, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Ba a cika shekara huɗu ba, a Janairun 1983, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su tattara komatsansu, mutum wajen miliyan 2 suka kwashi hanya, wasu a ƙafa, wasu a cunkushe bayan manyan motoci. A Afrilun 1984 sojoji, ƙarƙashin Buhari, suka rufe iyaka ana tsakiyar fari, ba a buɗe ba sai 1986. Tambayi duk wani dattijo a Maraɗi ko Damagaram sunan yunwar wancan zamani, zai ce maka El-Buhari. Daga nan sai 2019, sai kuma 2023. Farar hula da masu kaki, duk kanwar ja ce.

Dokar ƙasa da ƙasa a kan wannan ba ta da wani ƙulli da sai lauya ya kwance. Yarjejeniyar Biyana ta 1969, wadda Najeriya da Nijar duk suna ciki, sashe na 26 ya wajabta wa ƙasa cika abin da ta ɗauka da zuciya ɗaya, na 27 kuma ya hana ta fakewa da dokar cikin gidanta don ta zame. In abokin yarjejeniya ya saɓa, akwai hanya: a sanar da shi a rubuce, a zauna, in ta ƙi ci a tafi gaban alƙali. Kundin ECOWAS da aka sabunta a Kwatano a 1993 shi ma hakan ya tanada a sashe na 76.

To, na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: shinkafa. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Jamhuriyar Benin ta mayar da tashar Kwatano mazubar shinkafar Tailan da Indiya wadda ta fi ƙarfin cikin mutanenta nesa ba kusa ba, kowa kuma ya san inda ragowar take kwarara. Sassaucin haraji na ECOWAS na kayan da aka noma ko aka ƙera a yankin ne, ba na buhun da ya ƙetaro teku aka sauya masa riga ba. Muna da ƙorafi na gaskiya. Amma kotun ECOWAS a ina take? A Abuja, tafiyar 'yan mintoci daga ofishin ministan shari'a. Ko takarda ɗaya ba mu kai ba. Mai ƙorafi na gaskiya da ya tsallake alƙali ya ɗauko kulki, shi ma ya zama mai laifi, kuma kulkin nan ba ma kan mai laifin ya sauka ba.

Ya sauka ne kan mai wake da mai dabino, da Bafulatanin da ke koro shanu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da ɗan kasuwar Dawanau da abokan cinikinsa na Damagaram suka daina zuwa. Ya sauka kan matar da aka auro daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, wadda zuwa ta'aziyyar mahaifinta ya zama sai ta bi ta gonaki a bayan babur kamar mai laifi. A Nuwambar 2019 aka ƙara da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wato 'yan Najeriya na Illela da Kamba da Maigatari aka hukunta saboda inda Allah ya sa aka binne cibiyarsu. Shinkafar fa? Ba ta daina shigowa ba. Daga tirela ta koma bayan babur, buhu uku uku, cikin dare, ta hanyoyin da kowane yaro a garin ya sani. Abin da ya sauya shi ne na goro ya yi tsada a kowane shinge, buhun kuma ya yi tsada a kasuwa. Talaka ya biya sau biyu, mai fasa-ƙwauri ya gina bene.

Ga kuma abin kunyar da ya biyo baya. Ana cikin wannan rufewa, motocin 'yan kasuwar Gana na jibge a Seme, sai aka shiga kulle shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra, ana kafa hujja da dokar zuba jari ta 2013 da ta ce baƙo ba zai yi kasuwancin saye da sayarwa ba sai da jarin dala miliyan 1. Nan take muka ɗaga murya: an keta yarjejeniyar ECOWAS! Har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya tashi takanas zuwa Akra a Satumbar 2020. Ya je yi wa mutane tunin yarjejeniya alhali ƙofar gidansa na garƙame da kwaɗo shekara guda cur. Laifi tudu ne.

Duk wannan bai kai abin da aka yi a 2023 ciwo ba. Ranar 26 ga Yuli sojojin da ke gadin fadar Yamai suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdurahman Tiani ya ɗare kujera. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Shugaba Tinubu, suka ba da wa'adin kwana bakwai, suka rufe iyaka, suka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi. Cikin 'yan kwanaki Najeriya ta kashe makunnin layin lantarkin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, a ƙasar da a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga wurinmu take saye.

Ba na goyon bayan juyin mulki, kuma Nijar da hannunta ta amince da yarjejeniyar dimokuraɗiyya ta 2001 da ta haramta hawa mulki da bakin bindiga. Amma a buɗe wannan takarda a duba sashe na 45, inda aka jera hukunci: a ƙi mara wa 'yan takarar ƙasar baya a hukumomin duniya, a ƙi yin taron ƙungiya a cikinta, a dakatar da ita daga zaman yanke shawara. Ina kashe wuta a nan? Ko da aka ƙaƙaba wa Mali takunkumi a Janairun 2022, sai da aka ware abinci da magani da man fetur da lantarki aka ce ban da su. Da aka zo kan Nijar, wadda ke sahun gaba a duniya wajen talauci, wadda ba ta da teku, sai aka manta da wannan imanin. Wa ya kwana cikin duhu? Janar ɗin yana da janareta, yana da mai. Wanda ya kwana cikin duhu shi ne mai walda da ya tura yaransa gida, da mai injin niƙa, da mai sayar da ƙanƙara, da ungozomar asibitin da ke haska fitilar waya, da ma'aikacin da ke tsaye kan firjin allurar rigakafi yana lissafin awa nawa ya rage ta lalace.

Wutar nan kuma ba sadaka ba ce. Saye suke yi, bisa yarjejeniyar da ta faro tun shekarun 1970. In an ce suna da bashi, sai in ce to a bi bashi ta hanyar bin bashi, kuma ba bashi aka ambata ba ranar da aka kashe. Abin da ya fi wannan muhimmanci, duk lokacin da 'yan Najeriya suka yi gunaguni cewa ana ba Nijar wuta mu muna fifita da kwali, amsar jami'anmu ɗaya ce, da bakinsu suka sha faɗa: fahimtar juna ce, muna sayar musu da wuta don kada su datse kogin Kwara. Ashe dai mun sani.

A tsaya a dubi taswira. Kogin nan daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya ratsa Nijar, sannan ya shigo mana ta Kebbi. Madatsar Kainji da aka gama a 1968, da ta Jebba da ke ƙasanta, ba da ruwan samanmu kaɗai suke rayuwa ba. Cika biyu kogin ke yi a shekara. Akwai ta damina, jan ruwa mai laka daga rafukanmu. Akwai kuma ta biyu, wadda ke isowa cikin hunturu bayan ta yi watanni tana jan ƙafa a fadamun Mali, ruwa tatacce da ya zubar da lakarsa a hanya. Wannan ta biyun ita ke riƙe injinan Kainji a lokacin rani, ita masuntan Yawuri da masu noman rani suke jira, kuma kowane ɗigonta sai ya wuce ta ƙarƙashin gadar Yamai. Nijar ta daɗe tana mafarkin madatsar Kandaji a yankin Tillaberi, mai megawat 130. Shugaban Nijar na lokacin, Tandja, ya aza harsashi a 2008, aikin yana tafiya yana tsayawa. Duk wani ɗan Nijar da yake da shakku kan kashe wannan maƙudan kuɗi, a Agustan 2023 mun cire masa shakkun. Mun nuna musu da hannunmu cewa wutar Najeriya aro ce, ranar da aka yi fushi za a karɓe. Ranar da Kandaji ta tsaya da ƙafarta, abin da zai tilasta musu sako mana ruwa a watan Maris takarda ce kawai: dokokin Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe 9, da kundin rabon ruwa na 2008. Da wane baki za mu karanta musu takarda? Shi ya sa Bahaushe ya ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Kada kuma a ɗauka a harkar ruwa hannunmu tsaf yake. A wasu kogunan mu ne a sama. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan Maggiya da Gulbin Maraɗi da Tagwai da Komadugu Yobe bisa adalci. Manoman da ke gefen Gulbin Maraɗi sun san yadda gulbin ya koma tun da aka gina madatsar Jibiya, mutanen Difa kuma sun san abin da Tiga da Challawa suka rage wa Komadugu. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan a Yamai tun 1971 domin irin wannan zama. Yaushe rabon ka ji an ce ta warware wani abu?

Me kashe wutar ya haifar? Bazoum bai koma kujera ba. Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun bar ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairu aka sake taruwa a Abuja aka ɗage takunkumin, wai don jinƙai, jinƙan da aka rasa wata bakwai. An rasa mutumin da aka ce ana yi dominsa, an rasa ƙasashe uku, an rasa yarda. Muna kuma nan muna shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da bashin biliyoyi, zuwa bakin ƙofar da muke rufewa duk sa'ad da ranmu ya ɓaci. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗora dukiyarsa kan wannan jirgi da kwanciyar hankali? A Kantin Kwari mutum yana kwasar kayan miliyoyi da baki kawai, ba takarda ba shaida, saboda an san ranar da ya ce zai kawo kuɗi zai kawo. Ranar da ya saɓa sau biyu, ko da kuɗi a hannu sai an ƙirga a gabansa. Mu a wurin maƙwabta mun wuce sau biyu.

Masu yi wa sojojin Yamai kirari a Facebook kada su yi saurin tafa mini, don yanzu zan iso kansu. Sashe na 91 na kundin ECOWAS ya ce mai son fita ya ba da sanarwar shekara guda, kuma cikin shekarar ya ci gaba da sauke nauyin da ke kansa. Su suka ce sun fita nan take, kamar masu tashi daga majalisar shayi. Sun san hanyar kotun ECOWAS sarai, domin sun kai ƙara can suna neman a ɗage takunkumi. Da kotun nan ɗaya ta yanke hukunci a Disambar 2023 cewa tsare Bazoum haramun ne, a sake shi, sai suka toshe kunne. Benin ta buɗe nata ɓangaren iyaka, su suka bar gadar Gaya a toshe, mutane na ƙetare kogi zuwa Malanbil a kwale-kwale da kaya niƙi-niƙi a ka. Shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, shi ma ya rama a Mayun 2024, ya hana loda ɗanyen man Nijar na Agadem a tashar Seme, duk da yarjejeniyar bututun da ƙasashen biyu suka ƙulla. Kowa ya laluba ya ga abin da ke hannunsa, wannan makunni, wancan gada, wancan bututu, ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa da shi. Ba na wanke su. Amma babba ne ke shata layi a gida, kuma wanda ya fi kowa yawan jama'a da kuɗi da sojoji a yankin nan shi ya fara nuna cewa sa hannu ba ya ɗaure mai ƙarfi.

Abin takaicin shi ne mun san daidai, a addinance ma mun sani. Almajirin da ya yi karatun sira ya san abin da ya faru a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira. Ana cikin rubuta sulhu Abu Jandal ya iso da mari a ƙafa yana neman mafaka wurin Musulmi, aka mayar da shi hannun mahaifinsa Suhailu, zukatan sahabbai na ƙuna, saboda magana ta riga ta ƙullu. Da abokan gaba ke nan aka yi wannan. Mu da 'yan'uwanmu na jini, masu sallah ɗaya da harshe ɗaya da kakanni ɗaya a Gobir da Katsina da Daura, mun kasa.

A siyasance ma mun taɓa yin daidai, kuma ba da arha ba. Bakasi. An yi ta ba-ta-kashi da Kamaru a shekarun 1990, an rasa rayuka. Ranar 10 ga Oktobar 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin, ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, takardar da ba kakan kowa a cikinmu da aka tambaya kafin a rubuta. Ƙasa ta ɗauki zafi. Muna da sojojin da za mu ƙi, ba kuma wanda ya isa ya fitar da mu da ƙarfi. Duk da haka aka janye daga ƙauyukan bakin tafkin Cadi irin su Darak a ƙarshen 2003, Obasanjo ya sa hannu da Paul Biya na Kamaru gaban Kofi Annan a Greentree a Yunin 2006, kuma ko da Majalisar Dattawa ta yi tutsu a 2007, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa aka miƙa yankin ranar 14 ga Agustan 2008 a Kalaba. Masuntan Bakasi sun sha wuya, wasu har yau ba su da matsugunin kirki, gwamnatinmu kuma ta yi sakaci wajen matsa wa Kamaru ta cika nata ɓangaren na kare waɗanda suka zauna. Wannan ma saɓa alkawari ne, kuma namu ne mu bi kadinsa. Amma da Boko Haram ta taso ta watsu a duwatsun Mandara, da maƙwabcin da ake magana da shi muka tarar, ba wanda muke nuna wa bindiga ba. Benin ma, ƙarama da ita, da kotun ta ba Nijar tsibirin Lete a 2005, ta haɗiye ta miƙa.

Abin da ya bambanta Bakasi da Jibiya, a ganina, shi ne masu kallo. Can akwai Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai Amurka da Faransa da Ingila da Jamus a matsayin shaidu. Muna jin kunyar Bature, ba ma jin kunyar Bagobiri. Alkawarin da aka yi gaban manya muna cikawa ko da zafi, wanda aka yi da maƙwabcin da muka raina kuwa sai ranar da muka ga dama.

Jihohi 7 ne ke jingine da Nijar a tsawon kilomita wajen 1,500: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Sanatoci 21 ke nan. A Agustan 2023 Majalisar Dattawa ta yi abin kirki da ta ƙi yarda a tura soja, sarakuna da malamai kuma suka yi ta safa da marwa zuwa Yamai har wutar yaƙi ta lafa. Amma wasiƙar da shugaban ƙasa ya aika musu tana ɗauke da batun yanke lantarki, kuma kafin a karanta ta a zaure an riga an yanke. Sashe na 12 na tsarin mulkinmu ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisa ta amince. Ƙullawa sai an bi ta hannun 'yan majalisa, kwancewa kuwa umarni ɗaya daga fada ya wadatar. Ina sanatan da ya kawo ƙudurin da zai ce ba za a sake rufe iyaka fiye da 'yan kwanaki ba, ba za a sake yanke wa maƙwabci wuta ko hanya ba, sai an zo zaure an faɗi sashen da aka dogara da shi, an faɗi ranar buɗewa, an faɗi wanda zai biya mai albasa asararsa? Ina wanda ya nemi a fito da yarjejeniyar lantarkin nan a karanta wa jama'a, mu san me muka ɗauka, me suka ɗauka?

Su 21 ɗin nan, da masu harin kujerunsu, za su zo neman ƙuri'a a 2027, za su tsaya a kasuwar Illela da tashar Magama da ƙofar fadar Maigatari da lasifika. Kafin a karɓi atamfa da taliya, a tambaye su ina suke daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, kuma me suka rubuta da zai hana a maimaita.